Shagon turin fim na bakin tasha da foldar Shammi Kapoor

Masu tambayata a ina na samo tsofaffin fina-finan Indiyan nan, to ga amsa nan kowa ya huta. Wani shagon turin fina-finai ne da cajin waya a bakin tasha, a garin da muke zuwa cefane nan yankin Taura. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, amma duk mai hawa mota a wajen ya san shi, shi ne mai sola biyu a kan rufi da ƙatuwar sifika a ƙofa. A taƙaice dai na yaba da aikin yaron da ke shagon kuma zan koma, sai dai akwai abu ɗaya da ya ɓata min rai sosai wanda nake so duk mai zuwa ya sani tun kafin ya miƙa kuɗinsa.

Baffana ne ya sa ni wannan nema, yayan mahaifinmu, wanda ya yi zaman Kano yana saurayi lokacin da ake cika a silimar Rex da Plaza da Orion, yanzu ƙafa ta hana shi zuwa gona sai zaman zaure, shi ne ya ce min dan Allah in akwai hali a samo masa fina-finan Shammi Kapoor, tsohon jarumin Indiya. Shagunan da na fara leƙawa ko sunan ba su taɓa ji ba, sai su ce ko Shah Rukh Khan kake nufi, ko ka karɓi sabuwar fassara ta shigo jiya. Shi kuwa wannan yaron ina faɗa sai ya ce "Yaya, wannan mai girgiza kan? Ai yana nan," ya jawo wata ma'ajiya daga ƙarƙashin tebur ya jona a kwamfuta, sai ga folda guda da sunan mutumin. Ya ce wani dattijo direban babbar mota ne ya dame shi da tambaya shekarun baya shi ya sa ya zauna ya tara su.

Kuɗi ba tsada, lokacin da na je naira 100 ne kowane fim, in ka ɗauki da yawa ya yi maka ragi ba sai ka roƙa ba. Memori ma yana sayarwa, kuma abin da ya burge ni a gabanka yake saka shi a kwamfuta ya cika shi ya nuna maka ya ɗauka, don kun san yadda ake cutar mutane a kasuwa da memorin da aka rubuta gig 32 a jiki amma fim biyar ya ƙi shiga. Sannan yana tambayarka a wace waya za a kalla, in ƙarama ce mai madannai ya juya maka shi yadda za ta buɗe, in babba ce ko talabijin mai cin fulash ya ba ka garau ɗin. Kuma ba ya cusa maka tarkacen da ba ka tambaya ba, wanda duk mai yara a gida ya san darajar wannan.

Amma babban abin da ya sa na ce sai na rubuta shi ne yadda ya jera fina-finan, kowanne ya sa masa shekara a gaban suna, to in ka bi su a jere sai ka ga rayuwar mutum guda tana tafiya a gabanka tun yana siririn saurayi har ya zama tsoho mai farin gemu. Mu 'yan baya da yawanmu a tsohon muka san shi ba tare da mun san sunansa ba, wannan ƙaton dattijon mai gemu da ke fitowa uban yarinya a Hero da Betaab na 1983, ko mai gidan nan na Prem Rog a 1982, wallahi ban taɓa kawowa a raina wai wannan mutumin ya taɓa zama wanda duk Indiya babu mai rawarsa ba.

An haife shi a Bombay ranar 21 ga Oktoba 1931, sunansa na yanka Shamsher Raj Kapoor, ɗan Prithviraj Kapoor ne, yayansa Raj Kapoor ƙaninsa Shashi Kapoor, kun ga gidan sana'ar ne gaba ɗaya. Amma gidan bai ɗauke masa wahala ba, a 1948 ya shiga ƙungiyar wasan daɓe ta mahaifinsa a matsayin ƙaramin ma'aikaci ana biyansa rufi 50 a wata, ya yi shekara 4 a nan kafin ya fara fitowa a fim, fim ɗinsa na farko shi ne Jeevan Jyoti a 1953, daga nan kuma sai faɗuwa a kan faɗuwa, fim bayan fim ba wanda ya karɓu, mutane na cewa kwaikwayon yayansa kawai yake yi. Ya auri jaruma Geeta Bali a 1955 lokacin ita ta fi shi suna nesa ba kusa ba, ka duba fa, a ko'ina ana nuna shi ana cewa ƙanin wane ko mijin wance. Waɗannan na farkon babu su a foldar, yaron ya ce ya nema bai samu mai kyan kallo ba, na kuma yarda da shi.

Foldar ta fara ne daga Tumsa Nahin Dekha na 1957 wanda Nasir Hussain ya ba da umarni, a nan ne ya aske gashin baki ya canza askinsa ya daina langaɓe kai irin na masoyin da aka zalunta, ya fito a matsayin saurayi mai rawar kai da tsokana, kuma Allah Ya sa abin ya karɓu. Fim ɗin ba kala amma hoton tas yake. Sai Dil Deke Dekho a 1959 da Asha Parekh, sai Junglee a 1961, to a nan ne Baffa ya gyara zama ya ce a ƙaro murya. Labarin wani mai kuɗi ne da uwarsa ta rene shi a gidan da aka hana dariya, kullum fuska a murtuke yana tafiya a sandare ma'aikata na tsoronsa, har tafiya ta kai shi Kashmir soyayya ta kama shi, sai kawai ya ɓarke da ihun Yahoo ɗin nan yana gangarowa a kan ƙanƙara yana birgima. Shi ne fim ɗinsa na farko mai kala kuma shi ne na farkon Saira Banu. Abin da na lura da shi, in ba ka ga sandarewar farkon ba, ihun ba zai shige ka ba, shi ya sa masu kallon waƙar ita kaɗai a waya suke ɗauka hauka ne kawai.

Rawarsa ba irin ta yanzu ba ce da za a jera mutum 50 a baya kowa na ɗaga ƙafa ɗaya lokaci ɗaya. Shi yawanci da kansa yake ƙirƙirar takunsa, kuma rawar a wuya take da kafaɗa da ido, zai karkatar da kai gefe gashi ya zubo masa a goshi ya watsa shi baya da girgiza ɗaya, kafaɗa na rawa hannuwa a sake, sai ya tsaya cak ya zuba wa yarinyar ido sannan ya sake ɓarkewa daidai inda ganga ta faɗi. Turawa da 'yan jarida suna ce masa Elvis Presley na Indiya. A Kashmir Ki Kali na 1964, fim ɗin Sharmila Tagore na farko da harshen Hindi, akwai waƙar da yake yi a cikin kwalekwale a tafkin Dal yana tsalle har ya ƙare da faɗawa ruwa, sau nawa yaran gidanmu suka sa aka maido musu wajen nan ban san iyaka ba. A An Evening in Paris na 1967 kuwa rataye yake a jikin jirgi mai saukar ungulu yana waƙa yarinyar na gudu a kan ruwa a ƙasa.

Kuma ba za a yi maganarsa a bar Mohammed Rafi ba, don yawancin waƙoƙin da suka yi masa suna muryar Rafi ce, Shankar da Jaikishan kuma su suka yi kiɗan da yawa daga ciki. Rafi yana rera waƙar yana lanƙwasa murya daidai inda ya san mutumin zai karya wuya ko ya yi tsalle, har ka rantse daga bakin Shammi take fita. Baffa har yau bai yarda mutum biyu ba ne, na ce masa Baffa ai Rafi ya rasu tun 1980 shi kuma wannan ya kai 2011, ya ce to shi dai abin da kunnensa ya ji ya ji.

To ga inda raina ya ɓaci. Teesri Manzil na 1966 da Professor na 1962 da ya tura min yankakku ne, wani can ya cire waƙoƙin don fim ɗin ya rage nauyi, ana cikin magana sai ka ga an yi tsalle an faɗa wani waje. Fim ɗin Shammi ba waƙa ai fura ce ba nono. Musamman Teesri Manzil da ya fito a makaɗin ganga a otal, ga kiɗan R.D. Burman ga rawar Helen, rabin labarin a cikin waƙoƙin yake tafiya. Kuma wannan fim ɗin yana da nauyi a rayuwar mutumin, ana tsakiyar ɗaukarsa matarsa Geeta Bali ta kamu da agana ta rasu a Janairun 1965, ko shekara 40 ba ta yi ba, ta bar masa yara biyu ƙanana, aiki ya tsaya watanni kafin ya iya dawowa gaban kyamara. Da na gaya wa Baffa haka sai ya yi shiru, ya naɗe hannun riga ya nuna min tabon lambar da aka yi musu suna yara, ya ce ku ba ku san agana ba, a garin nan akwai shekarar da ta shiga gida gida. To mutumin da ya rasa matarsa ya dawo ya yi wannan rawar, a ce wani ya sa almakashi ya zubar da ita saboda megabait, gaskiya abin ya yi min ciwo.

Na koma na gaya wa yaron shagon, bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce "Yaya ka yi haƙuri, wallahi ban kalle su har ƙarshe ba, haka na karɓo su." Ya ce in ba shi mako guda, da na dawo ya samo cikakkun ya tura min bai karɓi ko sisi ba, ya kuma goge yankakkun daga kwamfutarsa a gabana. Wannan ya wanke shi a wajena, amma dai da ya riƙa dubawa tun farko da ya fi, don ba kowa ne zai iya kashe kuɗin mashin ya dawo daga ƙauye saboda fim biyu ba.

Sauran ƙananan matsaloli ne. Ya saka Jab Jab Phool Khile a foldar alhali na ƙaninsa Shashi ne, sunan ne ya ruɗe shi ga shi kuma shi ma a Kashmir aka yi. Rajkumar na 1964 murya tana riga baki da kaɗan, a wannan fim ɗin ne ma ya ji ciwo a gwiwa wajen ɗaukar waƙa a kan giwa, ciwon da ya bi shi har tsufa. Babu fassarar Hausa a ko ɗaya, wasu da rubutun Turanci a ƙasa wasu babu, mu dai Baffa ne mai fassararmu kuma ba ya kuskuren labari. Shagon kuma matsattse ne ba wajen zama sai benci ɗaya, ranar Lahadi da motocin kasuwar Gujungu ke wucewa kada ma ka fara, layin masu caji kaɗai ya ishe ka ga ƙarar sifika, ka je da safe ranar Talata ko Laraba zai saurare ka a natse.

Ƙarshen foldar shi ya fi taɓa ni. Brahmachari na 1968 inda yake riƙon marayu a gidansa, shi ya ba shi kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi, a 1969 ya sake aure ya auri Neila Devi, zuwa Andaz na 1971 da Hema Malini za ka ga jiki ya yi nauyi gwiwa ta ƙi, a fim ɗin ma wanda matarsa ta mutu ta bar masa ɗiya ya fito. Bai tsaya jayayya da shekaru ba, ya bar wa yara soyayya ya koma fitowa uba da kawu, ya gwada ba da umarni a fim biyu, Manoranjan a 1974 da Bundal Baaz a 1976 ba su yi kasuwa ba, sai Vidhaata na 1982 ya sake kawo masa Filmfare a matsayin mai taimaka wa jarumi, a 1995 kuma suka ba shi ta karramawar rayuwa. Wani abin da ban zata ba, yana cikin mutanen farko da suka rungumi intanet a Indiya har ya shugabanci ƙungiyar masu amfani da ita. Ya yi shekaru yana wankin ƙoda kafin ya rasu a Mumbai ranar 14 ga Agusta 2011 yana da shekara 79, fim ɗinsa na ƙarshe Rockstar bayan rasuwarsa ya fito, ya fito a dattijo mai busa algaitar Indiya tare da Ranbir Kapoor jikan yayansa. Shi ma yana cikin foldar.

Wanda zai je, ya tafi da memori aƙalla gig 16 in yana son su duka da kyan hoto, kuma kafin ya biya ya sa a buɗe masa kowane fim a duba tsawonsa, fina-finan wancan zamanin ba sa gaza awa biyu da 'yan kai, in ka ga awa ɗaya da rabi to an yanke ne ka ce a canza maka. Na roƙe shi ya haɗa irin wannan foldar ta Dharmendra da ta Mithun Chakraborty, ya ce ta Mithun ta kusa, ta Dharmendra sai bayan girbi in ya shiga Kano.