Renault 5 ko Peugeot 205, wacce ta fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin waɗannan ƙananan motocin Faransa biyu masu ƙofa a baya, wacce ta fi cancanta a kira ta tsohuwar zuma. Ni dai 205 na ɗauka, amma ba wai na raina ɗayar ba ne.

Renault 5 ce yayar, ta fito a 1972. Michel Boué da ya zana ta bai ma ga fitowarta ba, ya riga mu gidan gaskiya kafin a kai ta kasuwa. Kayan cikinta kusan gadon Renault 4 ne: inji a miƙe, giyabos a gabansa, kuma a samfurin farko sandar giya daga dashbod take fitowa kamar mariƙin lema, ka tura ka jawo. Sabon abin da ta zo da shi bamba ce ta roba maimakon ta ƙarfe, wadda ke shanye ɗan gugar fakin a matsattsun titunan Paris.

Ita kuwa 205 a 1983 ta zo, lokacin da Peugeot ke cikin tsaka mai wuya bayan ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978. Wannan 'yar motar ce ta fitar da kamfanin kunya, aka ƙera sama da miliyan 5. An kwantar da injinta a gicciye, don haka ciki ya fi sakewa. GTI, wato samfurinta mai gudu, mai injin lita 1.9 da ta biyo baya a 1986 ƙarfin doki 130 gare ta, nauyinta bai kai tan guda ba. Sai dai fa tana da hali: ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta ya nemi ya riga gabanta.

A tsere, Renault 5 Turbo, wadda aka dasa wa inji a mazaunin kujerar baya, ta ci tseren Monte Carlo a 1981 a hannun Jean Ragnotti. 205 Turbo 16 kuma ta ɗauki kambun duniya na tseren rali a 1985 da 1986, sannan ta ci Paris-Dakar a 1987 da 1988, zamanin da tseren ke ratsa saharar Nijar.

In saye za ka yi, Renault 5 tsatsa ce ciwonta, sai ka ɗaga kafet ka ƙwanƙwasa ƙasan. 205 kuwa ka tsuguna a bayanta ka dubi tayoyin. In samansu ya karkata ciki, gatarin baya ya cinye, ka sa kuɗin gyaransa cikin ciniki.