Gargaɗi: naira 385,000 na biya kuɗin amfilifayar bes, bulo aka aiko min

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau ko za a yi min dariya daga nan har Haɗeja sai na faɗa. An cuce ni. Naira 385,000. Kuɗin riɗina na bana kaf, da tunkiyar uwargida da aka kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, da 100,000 da na ranto wajen Yayana. Ku sake karantawa, 385,000.

Waɗanda suka san ni sun san ni ne mai kaɗa jitar bes a ƙungiyarmu, nan wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Muna zuwa biki da suna, muna kuma da ɗan sutudiyo a shagon bakin titi. Shekara da shekaru abu ɗaya ke damuna, bes ɗina kai tsaye nake jona shi a miksa, na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa, sai sautin ya fito a bushe, ƙwas-ƙwas kamar ana bugun gwangwani. Ni kuwa sauti mai maiƙo nake so, mai kauri, irin wanda ke zama a ƙirjin mutum kamar an buga tambari a ƙofar fada. Abin da na tambaya ke nan a wani zauren makaɗa na Facebook, daga nan mutumin ya biyo ni ta saƙo.

Kafin kowa ya ce min wawa, ku tsaya ku ji yadda ya shigo. Bai ce min in sayi komai ba. Wallahi bai ce ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, wace irin tsirkiya ce a jikin bes ɗinka, mai kaushi ko mai santsi?" Wane ɗan damfara ne ke tambayar tsirkiya? Na ce mai kaushi. Ya ce shi ya sa, ita mai kaushin ƙara gare ta, mai santsin da ake kira flatwound ita ke ba da sauti a kwance. Ya ce in ba ni da kuɗinta kada ma in canza tsofaffin tsirkiyoyina, tsufan nasu yana rage musu tsiwa. Ya ce in murɗe maɓallin Tone na jikin jitar ya yi ƙasa, in daina kaɗawa kusa da gada, wato inda tsirkiyoyin suke ɗaure a jikin jitar, in matso wajen wuya, in riƙa taɓawa da tsokar yatsa ba da farce ba. A miksa kuma in rage siririn sauti, in ɗan ɗaga mai kauri, amma kada in cika na can ƙasa sosai don taɓo zai zama, ba kauri ba. Sannan ya ce in yanko ɗan soson katifa in tura ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da gada.

Na yi a daren. Da almakashin uwargida na yanki gefen tsohuwar katifar yara. Na kaɗa sau ɗaya, mai fiyanonmu ya ɗago kai ya ce, "Kai, me ka yi wa abin nan?" Sautin ya zauna. To ku gaya min, mutumin da ya ba ka wannan kyauta, ya yi aiki a gaban idonka, ta ina za ka fara zarginsa? Wannan daren nake ta juyawa a raina. Da soson nan bai yi aiki ba da 385,000 ɗina na nan.

Na tsallake wani abu. Tun kafin maganar soso, ko bayanta ne, na manta, ya ce min shi mutumin Zariya ne da ke zaune a Legas yana sayar da kayan kiɗa na gwanjo. Hausarsa tas, har da "ranka ya daɗe". In na kira lokacin sallah sai ya ce bari ya idar. Da aka yi min rasuwar ƙanwar mahaifiyata har ta'aziyya ya kira ya yi min.

Sai bayan kusan mako biyu ya turo bidiyon. Amfilifaya ce, wato na'urar ƙara sauti, ta kamfanin Ampeg, samfurin B-15, wadda aka fara yi a Amurka a 1960, mai lasifika inci 15, wadda kanta ke kifewa ya shige cikin akwatin in za a ɗauka. A bidiyon ana ganin ƙwayayen gilas ɗin nan da masu gyara ke ce wa bawul suna ja kamar garwashi, ana kaɗa bes, sautin kamar a lasa. Ya yi min bayani cewa su bawul in aka matsa musu ba sa fashewa da ƙara irin ta ƙananan amfilifayoyinmu, a hankali suke lanƙwasa sautin, daga nan maiƙon yake fitowa. Ya ce wutar Amurka 110 take sha, tamu kuwa 230 ce, dole sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba ta ƙone nan take. Ya ce kada in kuskura in kunna ta ba a jona lasifika ba. Daga baya na tambayi injiniya a Kano, duk gaskiya ne. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, duk abin da ya faɗa a kan sauti gaskiya ne.

Kuma ku ji wani abin. Shi da bakinsa ya hana ni sayen amfilifayar. Ya ce, "Malam, kai da kake jonawa a miksa, feda ta ishe ka, ɗan ƙaramin akwatin nan da ake takawa da ƙafa. Ka ɗauki SansAmp Bass Driver, batir mai 9 take ci, tana kwaikwayon sautin bawul, ka murɗa Blend ya yi sama, ka rage Presence da Treble, shi ke nan." Ni ne na nace. Ni na ce a haɗa min duka biyun. Har roƙonsa na yi kada ya sayar wa wani mai coci da ya ce yana zuwa da kuɗi ranar Litinin. Roƙo fa, da "don Allah Yallaɓai".

Na fara tura 250,000. A wajen mai POS na bakin tasha na tura, sunan mace ya fito, ya ce asusun matarsa ne, nasa yana da matsala. Bayan kwana biyu 85,000, wai kuɗin katako da za a yi mata akwati da kuɗin doguwar motar dare. Sunan da ya fito daban da na farko. Yaron POS ɗin ma sai da ya kalle ni ya ce, "Baba, wannan ba sunan shekaranjiya ba ne fa." Na ce masa yaron shagonsa ne, ka tura kawai. Yaron da na haifi kamarsa ya gani, ni ban gani ba. To amma a lokacin mutumin ya riga ya turo min hoton kwali an ɗaure da igiya, an rubuta sunana da lambata da baƙin alƙalami. Sai 50,000 ta ƙarshe, ta taransifomar rage wuta, wadda ya ce ya manta bai saka a lissafi ba, kuma sai da ya turo hoton takardar tasha sannan na tura. 250,000 da 85,000 da 50,000. Ku tara ku gani.

Sau uku na ce mu yi kiran bidiyo. Sau uku yana cewa sabis ba kyau a cikin kasuwa. Mu da muke hawa tudu neman sabis, wannan uzurin ba baƙo ba ne a wajenmu.

Kaya kuwa sun iso, shi ya sa nake cewa ba irin damfarar da kuka saba ji ba ce. Na je tashar Sabon Gari da sassafe, aka nuna min kwalin, na ɗaga na kasa. Na yi murna! Ai ya gaya min ta bawul nauyi gare ta saboda taransifomomin da ke ciki. Ni da wani ɗan dako muka cicciɓa zuwa adaidaita sahu, daga nan Unguwa Uku, na biya kuɗin kujera biyu don kada a ɗaure min ita a but. Tun daga Wudil hannuna na kan kwalin, duk ramin da muka faɗa sai na ce wa direba a yi a hankali, gilas ne a ciki.

Ban buɗe a tasha ba. Na san za ku tambaya. Na so in buɗe a gaban 'yan ƙungiya ne, kuma haka aka yi, har da maƙwabta da yaran unguwa. Tsohon akwatin lasifika ne, ba lasifikar, an cusa bulo biyu naɗe a buhun siminti, da mataccen sitabilaiza. A ƙaramin kwalin feda kuwa tsohuwar cajar waya ce da guntun ƙarfe. Ba wanda ya yi magana. Wani yaro ne kawai ya ce, "Baba, ina jitar?" Na kira lambar a tsaye a wurin, a kashe. A WhatsApp kuwa ya toshe ni tun ina hanya.

Injiniyan da na kai wa bidiyon ya kalla sau biyu ya ce, "Malam, ka lura ba a ga fuskar mai kaɗawa ba? Muryar ma ɗora ta aka yi." Ya ce B-15 ta gaske, ko ta sha jiki, kuɗina ko kusa bai kai ba. To ni ina na taɓa ganin ta ido da ido da zan san farashinta? Mutumin ya ce min ta wata ƙungiya ce da ta watse, magada ke neman kuɗi da gaggawa.

Na je banki, na kai ƙara wajen hukuma, an ba ni takardu na cike, an ce in jira. Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit uku, da saƙonnin muryarsa har da na ta'aziyyar. Zan ɗora su da daddare in na samu caji, bayan na rufe sunayen da ke kan asusun, don wataƙila su ma aron su aka yi.

Ku dai kada ku tura wa kowa kuɗin kayan kiɗa sai naku ya je ya gani ya kunna. In ya ƙi kiran bidiyo, ku rabu da shi. In sunan asusu ya canza, ku tsaya. Ku buɗe kwali a tasha.

Yaya har yanzu bai san bulo ne ba, ce masa na yi kayan sun lalace a hanya, yau zai gani a nan. Yaya, ka yi haƙuri, 100,000 ɗinka sai bayan an cire zoɓo. Ranar Asabar muna da biki a Gwaram, da soson katifar nan zan je, yana nan a ƙarƙashin tsirkiya, na kasa cire shi kuma ba na son kallonsa. 385,000, jama'a.