Kwana Biyu a Duwatsun Muniyo Cikin Damina: Abin da Kuɗinmu Ya Saya

A tsakiyar watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, ƙungiyarmu ta masu hawan dutse a nan Damagaram ta damƙa tafiyar ƙarshen mako a hannun wasu matasa masu shirya wa mutane yawon buɗe ido. Mu goma sha ɗaya ne, kowa ya biya jika ashirin bisa alkawarin mota, abinci, tanti da ɗan jagora zuwa duwatsun Muniyo da ke yankin Gure. Mun saba da duwatsun unguwar Birni da ke cikin gari, waɗanda mutum kan hau bayan la'asar ya sauko kafin magariba, shi ya sa muka nemi waɗanda suka ce sun san hanya.

Batun mota ba ni da ƙorafi. Sun zo da Hilux biyu bayan sallar asuba kamar yadda aka yi, muka bi kwalta ta Mirriya da Gidimuni, tafiyar kimanin kilomita 160, kuma direbobin ba su yi gudun ganganci ba.

Wanda ya sa kuɗinmu bai tafi a banza ba shi ne ɗan jagoran, wani dattijo makiyayi da suka ɗauko daga wani ƙauye a gindin dutsen. Da takalmin roba da sanda ya shige gaba, yana nuna mana inda za mu sa ƙafa, domin dutsen da ruwa ya kwana a kansa yakan yi gansakuka mai santsi wadda ido ba ya gani sai ƙafa ta zame. Wajen azahar ranar Asabar, muna dab da ƙololuwa, sai ya tsaya ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa can nesa kamar hayaƙi. Wani daga cikinmu ya ce, “Baba, ai saura kaɗan mu kai.” Dattijon ya amsa, “Ɗana, dutsen yana nan gobe, amma tsawa ba ta jiran kowa.” Mun sauko muna gunaguni, kuma ba mu kai gindin dutsen ba sai da iska mai ƙura ta taso, ruwa ya biyo ta kamar da bakin ƙwarya. Kwarin da muka tsallaka da safe busasshe ya cika ya tumbatsa, muka fake a ƙarƙashin wani falalen dutse muna kallon ruwa yana jan itace da ciyawa, har sai da dattijon ya gwada zurfinsa da sandarsa ya ce mu wuce ɗaya bayan ɗaya.

Daren kuwa shi ne ya tona asirin masu shirin. Tanti huɗu suka kawo, uku suna yoyo, kuma sun kafa su a wuri mai kwari, alhali dattijon ya gargaɗe su tun da safe. Tabarmata ta jiƙe sharkaf, jakar tufafina ma haka, na kwana zaune da bargo mai ɗanshi ina jin kukan kwaɗi. Gawayin da suka bari a bayan mota babu rufi ya sha ruwa, saboda haka shinkafar da aka ce za a ci da magariba sai bayan isha ta nuna, shayi kuma sai da muka roƙi garwashi a ƙauye. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin gidan sauro. Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san cewa wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane, don haka wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya kai su daji ya kwanar a Agusta ba shi da hujjar mantawa. Ko takardar da suka turo mana ta WhatsApp kafin tafiya ba ta ambaci rigar ruwa ko takalmi mai riƙe dutse ba, kamar dai an rubuta ta ne don tafiyar hunturu.

Don adalci, da gari ya waye sun ba da haƙuri ba tare da jayayya ba, suka sayo fura da nono daga ƙauyen da kuɗinsu. Ranar Lahadi sama ta washe, muka kai ƙololuwar kafin hantsi, muka hango gonakin gero kore shar da tafkuna suna sheƙi a tsakanin tuddan rairayi.

Zan sake bin su daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da tantinsu ba zai sha jarrabawa ba. Idan kuwa ƙungiyarku ta nace sai cikin damina, to ku nemi a buɗe muku tantunan ku gani da idonku kafin ku biya, ku riƙe gidan sauronku, kuma ku sa sharaɗin cewa dattijon nan ne zai shige gaba.