Ɗaki, Fenti da Tsarabar Tafiya: Jagora Ga Mai Son Haɗa Ƙananan Samfura

Duk wanda sha'awar haɗa ƙananan samfuran jiragen sama, tankokin yaƙi, motoci ko jiragen ruwa ta kama, kuɗinsa na farko yakan tafi ne ga kwalin da hotonsa ya fi ɗaukar ido, sai ya isa gida ya buɗe sannan ya gane cewa ba shi da wurin zama, ba shi da haske, kuma warin fentin ya hana iyalinsa sakat. Haka ya faru da ni. Na girma cikin yaran da suke ƙera mota da kara da gwangwanin madara, kuma lokacin da na fara ganin samfurin roba mai gutsattsari sama da ɗari a cikin kwali guda, sai na saya ba tare da tunanin inda zan haɗa shi ba. Bayan na sake fasalin ɗakin aikina sau biyu, kuma na ɗauko kaya daga ƙasashen waje fiye da sau ɗaya, shawarar da nake ba duk mai tambaya ita ce ya bar ɗakinsa ya zaɓa masa abin da zai saya, domin ɗakin ne zai zauna da kayan bayan an baro kanti.

Zaɓi na farko shi ne ma'auni, wato sau nawa aka rage girman abin na ainihi, domin shi ne yake yanke hukunci a kan faɗin tebur da girman shogilas. Jirgin Spitfire na Birtaniya, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, yana dawowa kimanin santimita 16 a ma'aunin 1/72, kuma kimanin santimita 23 a ma'aunin 1/48. Bambancin santimita bakwai kamar ba wani abu ba ne a takarda, amma idan jirage goma suka jeru a kanta, shi ne yake raba mai ɗaki ɗaya da mai buƙatar ɗaki na biyu. Manyan jirage sun fi tsananta lamarin, domin Lancaster mai injuna huɗu yana kai santimita 43 ko a 1/72. Tankokin yaƙi an fi yin su a 1/35, ma'aunin da kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun daga tankin Panther da ya fitar a farkon shekarun 1960, lokacin da ake neman girman da zai ɗauki batir da ƙaramin inji a ciki. Motoci suna zuwa a 1/24, jiragen ruwa kuma a 1/700 ko 1/350, inda jirgin Yamato mai tsawon mita 263 yake cin santimita 75 na kanta shi kaɗai a 1/350. Ga wanda idonsa yake da ƙarfi kuma wurinsa ya yi kaɗan, 1/72 ya fi araha da sauƙin adanawa. Ga wanda ya haura shekara arba'in, ina ganin 1/48 ya fi masa alheri, domin gutsattsarin suna kamuwa da hantsaki ba tare da wahalar ido ba.

Sai batun kamfani. Tamiya, wanda ya fara a birnin Shizuwoka a 1946 a matsayin masana'antar katako, shi ne nake nuna wa sabon shiga duk da tsadarsa, saboda gutsattsarinsa suna haɗuwa baki da baki, takardar bayaninsa kuma ba ta barin mutum cikin duhu. Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939 kuma yake hannun kamfanin Hornby tun 2006, ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana sayar da sababbin ƙira tare da tsofaffin da aka zuba su tun shekaru hamsin ko sittin da suka wuce, waɗanda yake sa musu sunan Vintage Classics, kuma tsohuwar ƙira tana bukatar cike gurabe da gugar samfefa fiye da sabuwa. Revell na Jamus ma yakan zuba tsohon samfuri cikin sabon kwali. Saboda haka abin dubawa shi ne shekarar da aka fara zuba samfurin, kuma shafin Scalemates yana nuna tarihin kusan kowane kwali. Eduard na Jamhuriyar Cak yana haɗo siraran gutsattsarin ƙarfe masu fito da cikin jirgi sosai, amma wannan aikin wanda hannunsa ya faɗa ne. Wanda kuwa ba shi da wurin fenti ko kaɗan, samfuran mutum-mutumin yaƙi na Gundam na kamfanin Bandai, waɗanda aka fara sayarwa a 1980, na zamaninsu suna zuwa da launinsu kuma suna maƙaluwa ba tare da gam ba.

A fenti ne ɗaki yake da babbar magana, kuma a nan nake so mai saye ya fi tsayawa. Iri uku ne a kasuwa. Akwai fentin ruwa irin na Vallejo na Sifaniya, wanda warinsa kaɗan ne, ana wanke buroshinsa da ruwa, kuma shi ne ya fi dacewa da mutumin da yake aiki a kusurwar ɗakin kwana ko kusa da yara. Aibinsa shi ne ba ya kama roba da ƙarfi sai an fara shimfiɗa masa fentin ƙasa, sannan a lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙayau, yana daskarewa a bakin allurar bindigar feshi kafin a gama fiffike ɗaya, sai an ɗiga masa ruwan da yake jinkirta bushewa. Akwai fentin mai irin na Humbrol, mai zuwa a ƙananan gwangwanaye na mililita 14, wanda yake kwanciya lumui da buroshi kuma yake da ƙarko, amma yana bukatar kwana guda ko fiye kafin ya bushe, kuma duk tsawon wannan lokaci ƙura tana da damar zama a kansa. Na uku shi ne wanda ake tsinkawa da tina mai ƙarfi, irin Mr. Color na Japan, ɗan'uwan abin da masu fentin mota suka sani. Shi ya fi kowanne santsi da saurin bushewa da kama jiki, kuma shi ya fi kowanne illa ga huhu. Fentin Tamiya na kwalba mai zagaye yana tsakani, domin ana kiransa na ruwa amma akwai sinadarin barasa a cikinsa, yana feshuwa da kyau, sai dai yana ba da wahala da buroshi.

Hukuncina a nan a fili yake. Wanda ba shi da taga da zai fitar da iska waje kada ya sayi iri na uku, komai kyawun samfuran da ya gani an yi da shi. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare tururin tina, sai takunkumin roba mai matatar gawayi da aka yi don tururin sinadarai, kuma shi ma yana kare wanda ya sa shi ne kawai, matarsa da 'ya'yansa suna shaƙar abin da ya rage a ɗakin.

Tsakanin buroshi da bindigar feshi, ba na ganin dalilin gaggawa. Buroshi uku masu kyau, siriri da matsakaici da mai faɗi, sun isa tankin yaƙi da ƙananan jirage, musamman idan an tsinka fentin an shafa shi sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da kauri. Jikin mota mai sheƙi da launukan ɓad-da-kama masu narkewa cikin juna su ne suke tilasta feshi. Idan lokacin ya yi, a nemi bindiga mai kofi a sama, wadda yatsa ɗaya yake sarrafa iska da fenti daban-daban, mai baki tsakanin milimita 0.3 da 0.35, domin mai 0.2 tana yawan toshewa a hannun sabon shiga, mai 0.5 kuma ta fi dacewa da manyan shimfiɗu. Iwata ta Japan, Harder & Steenbeck ta Jamus da Badger ta Amurka duk sanannu ne, kuma abin da ya kamata ya raba gardama a tsakaninsu shi ne wacce za ka iya samun allurarta da bakinta idan sun lalace, domin allura takan lanƙwashe ko da faɗuwa ɗaya. Masu arha marasa suna suna koyar da hannu, amma da wuya a samu kayan gyaransu. Kwamfuresa kuwa, wato injin da yake hura wa bindigar iska, mai tanki na kimanin lita uku ta fi marar tanki, saboda iskarta ba ta rawa kuma injinta yana hutawa, kuma lallai ta kasance da matarar ruwa, domin da damina danshi yana taruwa a cikin tiyo ya fito ya ɓata fenti a tofi guda.

Gyaran ɗakina na farko na yi shi ne don kyau, na biyu kuma ƙura ce ta sa ni. Wata rana a watan Janairu na fesa wa wata ƙaramar mota jan fenti bayan sallar isha'i, na bar ta a kan tebur tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga mai. Da asuba na haska ta da fitila, sai na ga murfin injin ya yi kaushi kamar bayan samfefa, kowace ƙwayar ƙura ta samu wurin zama ta daskare a ciki. Kwana uku na yi ina gogewa. Daga nan na cire kafet na sa tayil, na liƙe gefen taga da soso, na kuma sayi robar ajiye abinci mai murfi wadda nake kifawa a kan duk abin da na fesa. Wannan roba ita ce mafi arha a cikin kayan ɗakin, kuma babu abin da ya kai ta ceton aiki.

Akwatin feshi ana iya sayen na kanti mai naɗewa, wanda yake zuwa da fanka da matata da tiyo, ko a sa kafinta ya haɗa. Na kanti ya dace da mai haya ko mai yawan ƙaura, amma faɗinsa yakan yi wa babban jirgi kaɗan. Na kafinta yana bin girman da kake so, sharaɗin kawai shi ne tiyon ya fita waje ta taga, gajere kuma ba lanƙwasa da yawa, sannan ga mai amfani da tina, fankar ta kasance irin wadda injinta ba ya kan hanyar tururin, saboda tartsatsi. A haske, fitilar LED mai farin hasken rana, tsakanin Kelbin 5000 da 6500 a ma'aunin launin haske, ita ce take nuna launi yadda yake, domin ƙwai mai jan haske yana sa toka ta yi kama da ruwan ƙasa. Biyu sun fi ɗaya, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, don kada inuwar hannu ta rufe wurin da ake aiki, kuma da yake ba sa cin wuta, ƙaramar sola ko inbata tana riƙe su idan an ɗauke. Tebur mai faɗin santimita 120 da zurfin 60 ya wadatar. Nawa na sa an ɗaga shi sama da teburin ofis da kimanin tafin hannu, tun daga nan wuyana ya daina ciwo. Kanta marar zurfi a bango, wadda kwalaben fenti suke jeruwa layi ɗaya, ta fi durowa mai zurfi inda ake sayen launi sau biyu saboda na farkon ya ɓuya a ƙasa.

Saura tsarabar tafiya. Manyan tarukan wannan sha'awa guda biyu da suka cancanci a shirya tafiya dominsu su ne Scale ModelWorld, wanda IPMS, ƙungiyar masu haɗa samfuran roba ta Birtaniya, take yi a garin Telford kowane watan Nuwamba, da baje kolin Shizuwoka da ake yi a watan Mayu, a birnin da Tamiya da masana'antar Bandai suke. Telford ya fi amfani ga mai neman tsofaffin kwalaye na hannu da sitikun alamomin da ake liƙa wa samfuri waɗanda ba a samu a kanti, kuma a can mutum yake tsayawa gaban teburin ƙungiyoyi ya tambayi mai samfuri yadda ya yi tsatsar da ke jikin tankinsa. Japan ta fi ga kayan aiki, almakashin yanke gutsattsari, hantsaki, siraran samfefa da tef ɗin rufe fenti, kuma wanda bai samu zuwa Shizuwoka ba, yana iya samun mafi yawansu a unguwar Akihabara ta Tokiyo.

Abin da ba a ɗaukowa ya fi muhimmanci a sani tun kafin a biya. Tina, gam ɗin roba mai ruwa, gwangwanin feshi da duk fentin da aka yi wa alamar kama wuta, dokokin jiragen sama sun hana su, a jakar hannu ko a babbar jaka, kuma fentin Tamiya na kwalba yana ɗauke da wannan alama. Aska da almakashi sai a babbar jaka. Kayan wuta kuma a duba ƙarfinsu, domin Japan tana amfani da bolt 100, Amurka 120, Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 230, kuma na taɓa ƙone wata ƙaramar na'ura a daƙiƙa ɗaya saboda na jona ta ban karanta bayanta ba. Kwamfuresa, tebur, fitila da kanta a neme su a gida ko kusa da gida, a bar kilo 23 na jaka ga abin da ba shi da nauyi kuma ba a samunsa. Ni nakan fitar da gutsattsarin daga kwalayensu a masauki, in bar su cikin ledojinsu, in jera su tsakanin tufafi, in ninke kwalayen a ƙasan jaka, sitikun kuma in sa su cikin ambulan a tsakiyar littafi, saboda danshi da lanƙwasa suna kashe su. Idan an sauka, kada a bar jakar a but ɗin mota a rana, domin zafin watan Afrilu yana iya karkatar da siririn fiffike, kuma daidaita shi sai an tsoma a ruwan ɗumi an danne shi a kan gilashi har ya huce.