Na ajiye Palm, na koma babbar waya

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Inna da yara da mutanen shago duk suna lafiya.

Ka yi mamakin ganina a WhatsApp. To, abin da kuka daɗe kuna yi min tsiya a kansa ne ya faru. Palm ɗin nan, 'yar kwamfutar aljihun da nake zarowa daga aljihun kaftani a Kantin Kwari ina tsokalarta da tsinke, ta gaji. Tungsten E ce, samfurin 2003, kuma shekara da shekaru ita ce littafin bashina: wa ya ɗauki shadda turmi nawa, wa ya kawo rabi, yaushe kaya za su iso, ga lambobin mutanen Kwari da na Wambai. Ƙaramar Nokia ta kira, ita kuma ta rubutu. Aibinta ɗaya ne, in batiri ya ƙare ƙurmus sai ta manta duk abin da aka ba ta ajiya. Da na ga ta fara mutuwa kafin la'asar, sai hankalina ya tashi.

Na kai ta wani shagon waya a nan Landan. Yaron da ya tarbe ni ya juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa, suka tsaya kallo kamar na kwaso musu kayan tarihi na Gidan Makama. Ban ga laifinsu ba, tun 2010 HP ta saye kamfanin Palm, lokacin ƙila suna firamare. Cikin ladabi ya ce ba sa buɗe irin wannan. Nan na tuna Farm Centre, kasuwar wayarmu ta Kano. Da can ne, wani yaro a ƙarƙashin lema zai kwance ta, ya lalubo batirin wata wayar ya liƙa mata da dalma, kafin ka shanye kunun ayarka an gama. A nan kuɗin aikin hannu yakan fi abin da za a gyara tsada, shi ya sa kowa sai ya ce ka sayi sabo.

Wajen saye kuwa sun fi mu tsari, gaskiya ɗaya ce. Mutane da yawa ba sa biyan kuɗin waya a dunƙule. Yarjejeniya ake yi, galibi ta wata 24, duk wata a zare daga asusunka na banki, amma sai an duba tarihinka na biyan bashi, kuma baƙo irina ba shi da wani tarihi a wajensu. Ni dai na biya lakadan na ɗauki Samsung. Layi kuma a kantin unguwa na saya kamar biskit, ba NIN, ba hoto, ba dangwale. Tun Disambar 2021 aka hana kamfanonin sadarwa sayar da waya a kulle, don haka in na zo gida layin MTN ko Airtel zai hau kai tsaye, kan cajar ma mai ƙafa uku ne irin namu. In kaya ya zo da matsala, doka ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Ka gwada faɗin haka a Beirut Road ka ji amsa.

Sai dai Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, da wuya ka gan su a shagunan nan. Masu yin su sun san halin wutarmu, sun ba su ƙaton batiri da gurbin layi biyu. Kada ka bari yaran gida su raina su don kwaɗayin ta hannu da aka ce daga Landan ta zo.

Kwashe bayanan ne ya ci ni. Na tono tsohuwar kwamfutata mai manhajar Palm, na jona igiyar, na danna HotSync, maɓallin da ke kwafe bayanai zuwa kwamfuta, ina ta salati. Lambobi sun fita lafiya, na ɗora su a Google suka sauka cikin wayar. Bayanan bashi kuwa da hannu na kwafe su, dare uku bayan isha'i. Palm ba ta san ƙ da ɗ ba, wayar nan kuma tana da allon rubutun Hausa, sai na riƙa gyara sunaye ina tafe. A dare na biyu na iso kan wani dattijo ɗan Fagge da ya ɗauki atamfa turmi biyu, na rubuta zai kawo bayan Sallah. Ni da kai muka je jana'izarsa. Na daɗe riƙe da tsinken, sannan na tsallake layin. In ka haɗu da 'ya'yansa kada ka tayar da maganar, na yafe.

Sauran jerin zan turo maka gobe, ka duba waɗanda suka biya a hannunka. Palm ɗin kuma na naɗe ta a hankici, zan ba wani mai zuwa gida ya kawo maka. Ka kai ta Farm Centre a gwada mata batiri, amma ka ce su bi tsinken a hankali, kansa ya tsage.