Jirgi mai fasa ƙanƙara ko ƙaramin jirgin zagaya Svalbard: wanne yayanka zai hau?

Ɗana, na ga tambayar da ka ajiye mana a zaure tun jiya, aikin fadama ne ya riƙe ni sai yanzu. Ka ce yayanka da ke aikin asibiti a Ingila ya daɗe yana tara kuɗi don ya ga tekun ƙanƙara na ƙarshen arewa, yanzu kuma hanya biyu ce a gabansa: ko ya hau babban jirgin da ke fasa ƙanƙara har tsakiyar ƙoƙon duniya, wato ƙurewar arewa da Turawa ke kira North Pole, ko ya hau ƙaramin jirgin da ke zagaya tsibiran Svalbard. Na yi shekaru ina zana wannan yanki a allo da alli, don haka ga abin da nake gani.

Babban jirgin da ya fi suna a wannan hanya na Rasha ne, sunansa 50 Let Pobedy, wato shekara 50 da cin nasara. Da makamashin nukiliya yake tafiya, yana da ƙarfin doki 75,000, daga tashar Murmansk ta arewacin Rasha yake tashi. Ba yanka ƙanƙara yake yi kamar wuƙa ba. Gabansa ne ke hawa kanta, nauyinsa ya danne ta har ta tsage, ko da kaurinta ya wuce mita 2. Wani jirgi irinsa da ya girme shi, Arktika, shi ne jirgin ruwa na farko da ya isa tsakiyar ƙoƙon ta saman teku, a watan Agusta na 1977. Akwai kuma na Faransa, Le Commandant Charcot, mai aiki da iskar gas da batir, wanda ya fara kaiwa can a 2021. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, hanyar Rasha ta yi wa mai tasowa daga Ingila wuya, don haka na Faransa ne ya fi kusa da hannun yayanka.

To me ake tararwa a can? Babu ƙasa, babu dutse, babu ko alama. Daskararren ruwa ne yana yawo a kan teku mai zurfin kusan mita 4,000. Na'ura ce kawai za ta nuna digiri 90, wato ƙarshen ma'aunin nisa zuwa arewa daga layin da ya raba duniya biyu, sai a sauke mutane su taka ƙanƙara, su yi da'ira, su ɗauki hoto, kafin kwana ɗaya ya cika a juya. Ban raina wannan ba. Mu nan Jigawa muna wajen digiri 12 ne, kuma tsayawa a inda duk ta fuskar da ka juya kudu ce abu ne da ke sa mutum ya yi tasbihi. Amma tafiyar kusan mako biyu ce, yawancinta kallon farin fili daga kan jirgi, kuɗinta kuma dubban daloli ne masu yawa.

Ƙaramin jirgin shi ne na fi so in tsaya a kansa. Svalbard tarin tsibirai ne a ƙarƙashin Norway, babban garinsu Longyearbyen yana digiri 78, mutanensa ba su kai 3,000 ba, kuma tsakaninsa da tsakiyar ƙoƙon duniya kimanin kilomita 1,300 ne. Daga nan jiragen ke tashi, su yi mako guda zuwa kwana 12. Jirgin masauki ne kawai. Ainihin tafiyar a kwale-kwalen roba mai inji ake yin ta, mutum 10 zuwa 12 a kowanne, safe da yamma idan yanayi ya bari. A matsa kusa da bangon ƙanƙara mai launin shuɗi, a kashe inji, a ji yadda yake ƙara kafin wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa. A sauka a tudu a ga walras, dabbar ruwa mai haure biyu kamar na giwa, sun kwanta birjik a bakin gaɓa. A wani tsauni da ake kira Alkefjellet, dubban tsuntsaye ne ke sheƙa a jikin dutse, kukansu ya cika kunne. Duk wanda ya taɓa zuwa Baturiya lokacin sanyi ya ga baƙin tsuntsaye sun rufe ruwa, ya ɗanɗana kaɗan daga wannan.

Akwai kuma tarihi da ƙafa za ta taka. A Ny-Ålesund har yau turken ƙarfen da aka ɗaure jirgin balan-balan na Amundsen, matafiyin bincike ɗan Norway, yana tsaye, wanda ya tashi daga nan a 1926 ya ratsa ta saman ƙoƙon duniya. A gefen Longyearbyen kuwa akwai rumbun irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008 cikin dutse. Ba a shiga, ƙofar kawai ake gani, amma ni manomi ina jin wani abu idan na tuna cewa a ciki akwai irin wake da gurjiya da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika ajiya.

Inda ƙaramin jirgi yake da rauni shi ne ba shi da iko a kan ƙanƙara. Ka san yadda kachalla ke toshe wa masunta hanya a ruwan Hadeja, mai kwale-kwale ya fito da niyyar wani gari ya ɓuge da kewaye? Haka take yi masa. Mashigar Hinlopen, wadda sai ta nan ake kammala zagaya babban tsibirin, tana iya kasancewa a rufe a farkon lokaci, sai wajen Yuli zuwa Agusta ta fi buɗewa. Hazo ma kan hana sauka, domin masu gadi da bindiga ba za su bar kowa ya taka ƙasa ba idan ba sa hango nesa.

Farar beyar, ƙatuwar dabba mai cin nama da ke rayuwa a kan ƙanƙara, ita ce dalilin bindigar, ita ce kuma abin da kowa ke zuwa nema. Ana iya ganinta a tafiyoyin biyu, babu kuma kamfanin da zai yi alkawarin ganinta. Tun 1973 aka hana farautarta a Svalbard. Daga farkon 2025 doka ta ƙara tsauri: ba a kusantarta ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuwa mita 500. A wuraren da aka keɓe, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 200 ba ya shiga, kuma wurare 43 kaɗai aka yarda a sauka. Na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Yayanka ya sayi madubin hangen nesa mai kyau, kada ya sa ran hoton kusa irin na talla.

Sanyi bai kai yadda ake tsoro ba. A Yuli Svalbard kan tsaya tsakanin digiri 3 da 7, can tsakiyar ƙoƙon kuwa wajen sifili. Iskar kan ruwa ce ke shiga ƙashi, ta fi ta hunturunmu cizo nesa ba kusa ba.

Salla ce ya kamata ya shirya tun daga gida. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har wajen 22 ga Agusta, a tsakiyar ƙoƙon kuma sau ɗaya take fitowa a shekara. Malamai sun yi bayani cewa a irin wannan wuri ana ƙaddara lokutan salloli biyar cikin awa 24, wasu suka ce da lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce da na Makka. Ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya rubuta lokutan a takarda. Ya kuma sanar da kamfani tun wuri cewa ba ya cin naman alade, kifi kuwa ba ya yanke musu.

Da ni ne, ƙaramin jirgin zan hau, mai ɗaukar mutum 100 ko ƙasa da haka, a watan Yuli. Kuɗinsa sau da yawa bai kai sulusin na babban ba, abin da ido zai gani kuma ya fi yawa. Babban jirgin na wanda zuciyarsa ta kafe ne a kan sai ya taka digiri 90.

Ka gaya masa abu biyu kafin ya biya ko sisi. Svalbard kanta ba ta neman biza, amma sai an bi ta Oslo ko Tromsø, biranen Norway, don haka mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta shiga sau biyu, ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa, kuma takardar zamansa ta Ingila ba za ta tsaya a madadinta ba. Sannan ya yanki inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya ta sama, domin asibitin Longyearbyen ƙarami ne, babbar matsala sai an kai mutum Tromsø. Ka gaishe shi, Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya.