FFmpeg ya fid da ni kunya a yankan bidiyo, amma sai ka san halinsa

Duk mai sana'ar ɗaukar bidiyon biki ko taro, ina ba shi shawara ya koyi FFmpeg, manhajar yanka da sarrafa bidiyo, ko da kuwa yana jin tsoron baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Kyauta ne, babu rajista, babu talla, babu tambarin kowa a kusurwar aikinka. Wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ne ya faro shi a 2000, kuma har yau 'yan sa kai ke ta inganta shi. Hatta VLC da muke kallo da shi yana amfani da kayan aikinsa.

Walimar saukar karatu na ɗauka a wata Islamiyya, bidiyo ya haura awa biyu. Taro na watsewa iyaye suka yi mini ca, kowa na son a ciro masa wurin da ɗansa ya yi karatu ya tura wa dangi. Manhajar waya da na saba da ita, in na ba ta irin wannan aiki, sai wayar ta ɗau zafi, a daɗe ana jira, ƙarshe hoton ya fito a dushe. Da FFmpeg kuwa layi ɗaya na rubuta:

ffmpeg -ss 00:41:10 -i walima.mp4 -t 50 -c copy yaro.mp4

Wato -ss inda za a fara yanka, -i bidiyon da za a yanka, -t 50 kuma tsawon daƙiƙa 50. Kafin in ɗauke hannu daga kan kwamfutar ya gama. Na buɗe, fuskar yaron tar, murya garau, daidai da yadda kyamara ta ɗauka. Sirrin yana wajen -c copy ɗin nan: ba ya sake sarrafa hoton ko kaɗan, kwaso shi kawai yake yi ya zuba a sabon fayil. Ranar na ji daɗi ƙwarai, don kafin la'asar na sallami mutane da yawa.

To, daga nan ne kuma raina ya ɓaci. Wata uwa ta dawo ta ce bidiyon 'yarta ya fara da ƙarshen karatun wani yaro. Na duba lokacin da na rubuta, daidai yake. A kwamfutata ma lafiya lau yake farawa, amma a wayarta ga yaron nan ya bayyana na 'yan daƙiƙoƙi. Abin bai yi mini daɗi ba, domin ranar farin cikinta ce, kuma ta yarda da aikina.

Ga abin da ke faruwa. Bidiyon da aka matse ba kowane hoto ne cikakke a cikinsa ba. Jefi-jefi ake ajiye cikakken hoto, na tsakani kuma bambanci kaɗai suke ɗauke da shi. Idan ka ce a kwafa ba tare da an sake sarrafawa ba, dole yankan ya koma baya zuwa cikakken hoto mafi kusa. Tazarar na iya yin nisa: x264, manhajar matse bidiyo, a saitinsa na asali yakan bar har hoto 250 tsakani, wato daƙiƙa 10 ke nan a bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa. Wasu manhajojin kallo na ɓoye wannan rarar, wasu kuma su nuna ta.

Maganin shi ne ka cire -c copy, ka sa -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac, wato a sake sarrafa hoto da murya. Tun daga fitowar FFmpeg ta 2.1, in kana sake sarrafawa, yankan kan faɗa daidai kan hoton da ka nema, har da ɗigon daƙiƙa kamar 00:41:10.400. Haka na yi wa matar, ya fara daidai kan bisimillar 'yarta. Sai dai saurin nan da ya burge ni ya tafi. Fankar kwamfuta ta yi ta kuka, batir na zuba, in babu wuta kuwa sai ka yi lissafi kafin ka fara.

Akwai kuma tarkon -to, wanda ke faɗin lokacin da yankan zai tsaya. Idan ka sa -ss kafin -i, sannan ka sa -to bayan -i, agogon ya riga ya koma sifili, don haka za a ƙirga daga inda ka yanka ne, sai ka ga guntun ya yi tsawo fiye da kima. Ni dai -t nake amfani da shi, in faɗi tsawon da nake so kai tsaye.

Har yanzu ina tare da FFmpeg, kuma na sa shi a waya ta hanyar Termux, manhajar rubuta umarni a waya, saboda aikin gaggawa. Amma gaskiya bayanansa sun yi wa sabon shiga yawa, ga Turanci mai nauyi, kuma lokacin da yankan ya koma baya ba ya faɗa maka ƙarara. Duk guntun da za ka miƙa wa mai shi, ka fara kunna shi a waya ka kalli farkonsa.